Kada Mu Bari Tsohon Masallacinmu Ya Faɗi



A zangon da ya wuce, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun je Katsina, muka ziyarci Hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ce, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sama da shekara 500 ke nan. A da masallaci ne kuma wurin karatu. Ƙasa ce irin wadda muke gini da ita a gida, amma har yau tana tsaye, domin ana kula da ita.

Da muka dawo, sai muka je duba tsohon masallacin garinmu. Kunya ta kama mu. Tun da aka gina sabo na bulo da kwano aka yi watsi da shi. Indararo ya karye, ruwa yana bin bango, gara ta ci azara, awaki suna kwana a ciki. A nan fa kakanninmu suka yi salla, a ƙofarsa aka ɗaura auren iyayenmu.

Wasu sun ce a rushe shi kawai, wai ginin ƙasa haɗari ne. Suna kawo misali da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Mu darasin da muka ɗauka shi ne, tsohon gini yana son dubawa da gyara a kan kari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A garin Jenne na ƙasar Mali, kowace shekara jama'a na fitowa rana guda su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, har yara suna ɗauko kwaɓi. Mu ma ai mun san gayya.

Muna roƙon mai gari da liman su sa magina su duba ginin kafin damina. Idan sun ce zai gyaru, a sa ranar yaɓe. Mu ɗalibai za mu ɗebo ruwa, mu kwaɓa ƙasa. Muna kuma roƙon malamin tarihi ya raka mu wajen dattawa mu rubuta labarin masallacin tun suna raye.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.