"Ai Mun Saba" Ba Hujja Ba Ce



A taronmu na ƙarshen wata na kawo maganar ƙarar janareta da lasifikan biki da ke hana unguwa barci, sai wasu daga cikin iyayenmu suka ce, "Sakatare, nan fa Legas ce, ai mun saba." Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba.

Mutum yana iya yin barci cikin hayaniya, jikinsa kuwa bai huta ba. Kunne ba ya rufewa kamar ido. Duk ƙarar da ta shiga, ƙwaƙwalwa na ɗaukar ta tamkar haɗari, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, mai barci bai sani ba. Shi ya sa likitoci ke danganta yawan amo da hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada amon dare a wajen ɗaki ya wuce desibel 40, alhali hira ta yau da kullum ma tana kai 60. To ina ga janaretan da aka jingina da tagar maƙwabci har asuba? Mu nawa ne a nan ke shan maganin hawan jini, muna ɗora laifin a kan gishiri kaɗai?

Masu injin markaɗe da na niƙa abin ya fi shafa. Wanda ke wuni cikin ƙarar da ta kai desibel 85, awa 8 kullum, jinsa na raguwa a hankali, kuma ƙwayoyin cikin kunne in sun mutu ba sa sake tohowa. Ku lura da yadda wasunsu ke magana da ihu ko a gida.

Wani ya ce in an taɓa lasifika an taɓa addini. Kiran salla minti kaɗan ne, babu mai jayayya da shi. Abin da nake nufi shi ne kaset ɗin da ake saki cikin dare, da DJ na biki har ƙarfe uku, ga jarirai, ga marasa lafiya, ga yara masu jarrabawa. A 2016 hukumar LASEPA ta rufe coci-coci da masallatai da otal-otal masu yawa saboda amo. Sai mun jira an zo an garƙame namu?

A taro mai zuwa zan sake gabatar da buƙatar a kashe lasifikar biki ƙarfe goma na dare, a kuma janye janareta daga tagogin mutane. Wanda bai yarda ba ya zo da hujjarsa.