Dangwala yatsa ba shi ne yarda ba

Akwai wata takarda da ake yawan miƙa wa mutanenmu a karkara, daga Madarunfa zuwa Mirya, daga Keita zuwa Loga. Shafi biyu ko uku ce, da Faransanci, a ƙasanta an bar ɗan fili na dangwala yatsa. Mai riƙe da ita matashi ne ɗan jami'a ko ma'aikacin wani aikin bincike. Wadda ake miƙa wa kuwa uwa ce da goyo, wadda ba ta taɓa zama ajin lakkol ba. Da ta dangwala, a ofis sai a rubuta cewa ta yarda. To da me ta yarda?

Yanzu ko'ina ana maganar horar da malaman jami'a da masu bincike kan ɗa'ar aiki, riƙon gaskiya da bin ƙa'ida. Muna goyon baya, babu ja. Abin da muke tsoro shi ne fasalin da irin wannan horo ya saba ɗauka a ƙasar nan: kwana uku a wani otel na Yamai, bayani da Faransanci daga safe har la'asar, fardiyam, hoto a bakin ƙofa, sai takardar shaida da za a liƙa a fayil saboda mai ba da kuɗi ya ce ba zai saki ko dala ba sai ya gan ta. Mutum ya fito ya haddace cewa an yi dokar Nuremberg a 1947, an yi sanarwar Helsinki a 1964, amma idan ka zaunar da shi gaban tsohuwa a Dakoro ka ce ya gaya mata da Hausa cewa tana da damar ta ƙi, sai ya fara inda-inda.

Wanda yake ganin wasa ne ya dubi Kano. A 1996 sanƙarau ya ɓarke a arewacin Najeriya ya kashe dubban mutane, mu ma a wancan zamanin ya ɗebi namu. Cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko tawaga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi wannan ɓarna, ya ce kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Bayan jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne daga baya, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya.

Ku lura da abu guda: waccan takarda ba a Amurka aka rubuta ta ba. A Kano aka rubuta ta, da hannun ɗan gida mai ilimi. Bako ba ya shiga gari sai da ɗan gari, kuma ɗan garin nan shi ne wanda ake cewa za a horar.

Kuma ba su kaɗai suka biya ba. A 2003, da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, har Kano ta yi wajen shekara ba ta yi ba, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mu da muke kasuwa ɗaya da aure ɗaya da Katsina da Daura, mun san jita-jita ba ta tsayawa a Ɗan Isa a duba mata takardu. Har gobe ma'aikaciyar rigakafi da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba tana shan kora a ƙofar gida saboda abin da wasu suka yi shekara talatin da suka wuce. A Afrilun 2020 kuma, da wasu likitocin Faransa biyu suka zauna a talabijin suna shawarar a gwada rigakafi a Afirka lokacin korona, minti kaɗan suka yi suna magana, amma ku da kuke WhatsApp kun ga abin da ya biyo baya.

Wani zai ce to a rufe ƙofa mana, kowa ya tafi da bincikensa. A'a. A Madarunfa aka gwada rigakafin zawon jarirai na rotabirus, irin wanda yake jure zafi ko babu firiji, a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon ya fito a 2017, ya nuna yana kare kusan kashi 67 cikin ɗari daga zawo mai tsanani, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A jahar Doso, yankin Boboye da Loga, an raba wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin azitromisin sau biyu a shekara, aka ga mace-macen yara sun ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Uwayen ƙasar nan ne suka miƙa ƴaƴansu aka samo wannan ilimi, duniya tana amfana. Ƙasar da yara suke mutuwa da zazzaɓi da tamowa ba ta da halin ƙin bincike. Abin da ba ta da halinsa kuma shi ne a ƙona amanar da binciken yake tafiya a kanta.

Ga inda gizo yake saƙa, kuma a nan muke so horon ya daɗe. Kalmar "gwaji" a kunnen uwa tana nufin a ɗebi jini a gano ciwon ɗanta. A bakin mai bincike tana nufin ba mu tabbatar maganin nan yana aiki ba, da ɗanki za mu gane. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma tsakaninsu akwai rai. "Bincike" ma haka: jandarma yana bincike, likita yana bincike, ɗan jami'a yana bincike. Sannan a irin waɗannan gwaje-gwaje ana ba wasu yara maganin gaske, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki, kuma ƙuri'a ce take raba su, ko likitan bai san wa ya samu wanne ba. Wannan tsari yana da dalilinsa na ilimi, in ba shi ba ba za a san gaskiya ba. Amma yaya za ka faɗe shi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek yadda mace za ta gane, ba ka tsorata ta ba, ba ka kuma ɓoye mata ba? Ana iyawa. Sai dai sana'a ce da ake koyo da maimaici, a gaban mutane na gaske, a ce mata ta maimaita abin da ta fahimta da bakinta kafin a kawo tawada. A yau galibi ana barin wannan nauyi a wuyan ɗan anket da aka ɗauka na sati biyu, yana fassara a tsaye, rana tana dukansa, kuma bisa yawan takardun da ya cika ake biyansa.

Akwai kuma kara. An je an gai da maigari ya ce bismilla, maigida ya ce ta je, ga mai farar riga ya zo da mota tun daga birni. Wace mace ce za ta ce a'a? Izinin maigari wajibi ne, ladabi ne, ba mai shiga gari ta bayan gida. Amma ba ya maye gurbin yardar wadda za a ɗebi jinin ɗanta. Idan kuma aka haɗa da jika biyu na kuɗin mota a watan bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mai bincike na kirki dole ya tambayi kansa ko yarda ya samu ko yunwa ya saya. Ta kuma ji a fili cewa in ta ƙi, ko ta fasa a tsakiya, ɗanta zai ci gaba da samun kulawa a gidan likita kamar kowa. Mata da yawa wannan ne tsoronsu, ba sa dai faɗa.

Kada ɗaliban da ba na likitanci ba su ce ba da su ake ba. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, André Salifu ta Damagaram da Jibo Hamani ta Tawa, kowace shekara ana rubuta memuwar da tez kan noma, ƙasa, aure, ƙaura, tarbiyya. Kowa ya san labarin takardun tambaya ɗari da ake cikawa a gindin bedi ɗaya, mutum guda yana sauya biro. Kowa ya san kofiye-kole, yanzu kuma ga ChatGPT da yake iya ƙirƙiro maka sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Ana ɗaukar abin kamar wayon ɗalibi. Amma alƙalumman ƙarya ba sa mutuwa ranar sutanans. Wani zai kwafe su a rahoto, rahoton ya shiga ofishin minista, a wayi gari an haƙa rijiya a inda ba a buƙata, an tsallake garin da mata suke tafiyar awa biyu neman ruwa.

Ba ɗalibi kaɗai za a kama ba, don daga sama yake gani. Ƙarin girman malaman jami'a yana bi ta CAMES, hukumar da aka haifa a nan Yamai a 1968, kuma yawan abin da mutum ya wallafa yana da nauyi a ma'auninta. Daga nan kasuwa ta buɗe: mujallun bogi na intanet da za ka biya su buga maka cikin sati ɗaya ba wanda ya duba, da al'adar sa sunan babba a kan aikin da bai karanta ba, wani lokaci ma a share sunan yaron da ya sha ranar. Ɗalibar da ta ga an murɗe alƙalumma, wa za ta kai wa ƙara, alhali wanda za ta kai ƙararsa shi ne zai zauna a kan makinta? Horon da bai samar mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba tare da ta rasa diplom ɗinta ba, wa'azi ne kawai.

Batun sirri kuwa gajere ne. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta. Duk da haka hotunan yara masu tamowa da na marasa lafiya a gado suna yawo a Facebook da sunan faɗakarwa, fayil mai sunayen mutane da cutarsu yana yawo a wayoyi. Wanda ba zai so a yi wa ƙanwarsa haka ba ya san amsar.

A ƙarƙashin ofishin ministan kiwon lafiya akwai kwamitin ƙasa da yake duba binciken lafiya kafin a fara. Yana da muhimmanci, amma kwamiti ɗaya a Yamai ba zai ga abin da ake yi a ƙauyen Tanut ba, kuma yawancin aikin ɗalibai ba ya ma bi ta gabansa. Muna kira ga shugabannin jami'o'inmu kowace ta kafa nata, mai aiki ba na suna ba, kuma kada farfesoshi su cika kujerun su kaɗai. A sa ungozoma, a sa malamin addini, a sa wakiliyar ƙungiyar mata, mutanen da za su saurari bayanin da Hausa su ce wannan ba a gane shi ba, a koma a gyara. Darasin ɗa'a kuma ya fara tun lisans, da jarrabawa ta baki cikin harshen da ɗalibin zai yi aiki da shi.

Kuɗin wannan aiki ya fito daga baitulmalin ƙasa. Zamanin nan kowa yana maganar ɗiyauci, to ga wurin gwada shi mai arha. Kwamitin da mai binciken ne yake biya masa kuɗin zama da na shayi, da wuya ya iya ce masa a'a. Haka nan wanda yake jiran waya daga magabata kafin ya yanke hukunci, domin wata rana binciken da zai zo gabansa kan yunwa ne ko kan gurɓatar ruwa a Arlit, kuma sakamakon ba zai yi wa masu mulki daɗi ba.

Sai bashin da aka fi mantawa da shi. Ana zuwa gari a ɗebi jini, a ɗebi amsoshi, a ɗebi lokacin mutane ana tsakiyar noma, sakamakon ya fito da Turanci a mujallar da ko malamin jami'ar sai ya biya zai karanta. Mutanen San na Afirka ta Kudu, da suka gaji da irin wannan, a 2017 suka rubuta ƙa'idarsu da kansu: mai son bincike a kansu sai ya bi ta. Mu ba mu kai can ba tukuna, amma muna da gidajen rediyon karkara, muna da dandalin gari bayan la'asar. A rubuta a cikin kasafin kowane bincike, tun ranar farko, kuɗin man da zai mayar da mai binciken garin ya faɗi abin da ya gano, kuma kada jami'a ta sa hannu a kan tez sai an nuna ranar da aka koma.

Ku kuma da kuke karanta wannan a waya, da yawanku ku ne ake kira idan baƙi sun zo gida da takarda, don ku ne kuka yi lakkol. Ku karɓa ku karanta har ƙasa. Ku tambayi wa ya ba da izini, ina za a kai jinin ko amsoshin, wa zai biya in wani abu ya samu yaron, wace lamba za a kira. Sannan ku fassara wa inna duka, har da layin da ya ce tana iya ƙi.