Majalisa Ta Leƙa Bayan Katangar Bariki

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Zuru ba ka tarar da wanda ya taɓa sa kakin soja ba, kuma bataliya ta 223 tana nan zaune tare da jama'a. Wannan zumunci ne ya sa nake kira ga sanatan Kebbi ta Kudu da ɗan majalisar wakilanmu su riƙa tambaya: ina ake zubar da baƙin man motocin yaƙi, wa ke tsince harsasan da ba su tashi ba bayan atisaye? Yaro makiyayi kan iya tsintar irin wannan ƙarfe ya kai wa ɗan gwangwan, baƙin mai kuma ya tsiyaya cikin rijiya. A 27 ga Janairun 2002 rumbun makaman Ikeja ya fashe, mutum fiye da 1,000 suka rasu, amma a 2023 sojoji na kan aikin kwashe ragowar bama-baman. Sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike. To, kwamitocin tsaro su zo da ƙafarsu, a auna ruwa da ƙasa, a ware kuɗin tsaftacewa a kasafi, sannan a faɗa wa talakawa sakamakon. Rigakafi ya fi magani.