Wa Zai Fara, Wa Zai Zauna a Benci? Darasin Wata Gardama a Makera

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida Makera, cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, domin gaida iyaye da 'yan'uwa. Bayan La'asar ina zaune a ƙofar gida sai na ji hayaniyar samari a gindin darbejiya, har na zaci siyasa ce ta haɗa su. Ashe ɗan ƙanwata ne da abokansa uku, ɗaya daga cikinsu mutumin Kurfi, dukansu ɗalibai a wata kwaleji da ke wajen jihar nan, suke ta musu a kan mutum biyar da ya kamata su fara buga wa makarantarsu ƙwallon kwando a gasar da ke tafe.

Na farko ya dage cewa dole a fara da kyaftin, domin ya daɗe a ƙungiyar kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Na biyu ya yarda cewa akwai wani ɗan aji ɗaya da ya fi kyaftin ɗin iyawa, amma ai baƙo ne, daga Kudu ya zo, bai kamata ya ture ɗan gida ba. Na uku ya yi dariya ya ce su daina wahalar da kansu, akwai wanda an riga an bugo wa koci waya a kansa. Shi kuwa ɗan ƙanwata, wanda koci ya ce daga benci zai riƙa shiga, ransa a ɓace yake, har yana cewa zai bar wasan. Da suka gan ni sai ya ce, "Kawu, kai malami ne, raba mana gardama."

Ni ba masanin ƙwallon kwando ba ne, sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka kalmominsu na saurara. Sun yi kusan rabin awa suna magana, amma babu wanda ya faɗi maki nawa wane ke ci, ko sau nawa yake zubar da ƙwallo, ko wane ne ya fi tsare abokin hamayya. Kalmomin da suka yi ta maimaitawa su ne "ya daɗe", "namu", "baƙo" da "ɗan wane". Mai karatu da ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ko na ƙarin girma ya san waɗannan kalmomi sarai. Yaranmu ba su ƙirƙiro su ba, a bakinmu suka ji su.

Bari mu fara da kalmar "benci" kanta. Mun aro ta daga Turanci ta hanyar ƙwallon ƙafa, kuma ta zo mana da nauyin da take ɗauke da shi a can. A ƙwallon ƙafa an daɗe ana canjin mutum uku kacal, kafin a mai da su biyar daga shekarar 2020, kuma a manyan gasa wanda aka fitar ba ya dawowa. Shi ya sa "an ajiye shi a benci" ta zama habaici a Hausa, har ana faɗa wa ma'aikacin da aka karɓe wa aiki aka bar shi da tebur. Dokar ƙwallon kwando daban ce. Ƙungiya na zuwa da mutum 12, biyar ne a fili, ana buga zango huɗu na minti goma-goma, canji ba shi da iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa, wanda ya yi laifi biyar kuma ya gama wasan ranar. Babu kocin da zai kai labari da mutum biyar kaɗai. Ɗan ƙanwata yana fushi ne da ma'anar da kalmar ta kwaso daga wani wasa dabam.

A gasar NBA ta Amurka akwai lambar yabo ta musamman ga "mutum na shida", wato wanda ya fi fice cikin masu shigowa daga benci. Manu Ginóbili, ɗan ƙasar Ajantina, ya ci ta a 2008. Mafi yawan wasanninsa a San Antonio Spurs daga benci ya shigo, amma ya ɗauki kofi huɗu da ƙungiyar, ya kuma ci wa ƙasarsa zinariya a wasannin Olamfik na 2004. Koci mai hankali yakan riƙe gwani irin wannan domin ya sako shi lokacin da abokan hamayya suka fara haki.

Sai maganar "baƙo". Shahararriyar gardama a kan wa zai fara wasa a tarihin kwalejoji ta faru ne a Amurka, ranar 19 ga Maris, 1966. A wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar, kocin Texas Western, Don Haskins, ya fara da baƙaƙen fata biyar, abin da ba a taɓa yi ba a wasan ƙarshe na wannan gasa. Sun kara da Kentucky wadda 'yan wasanta duk farare ne, suka doke ta da maki 72 da 65. Haskins ya sha zagi da wasiƙun ƙiyayya, amma amsarsa ba ta canja ba: waɗanda suka fi dacewa da wasan ya sa. Cikin 'yan shekaru jami'o'in kudancin Amurka da suka rufe ƙofa ga baƙar fata suka fara neman su, domin sun ga abin da wariya ke jawo musu a kan allon maki. A wannan shekara ta 1966 ne aka yi gasar farko ta wasannin jami'o'in Nijeriya, NUGA, a Ibadan. Abin takaici ne a ce bayan shekarun nan duka, ɗalibi a Arewa yana kiran ɗan ajinsu baƙo saboda sunansa.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara ba tare da tambayar asalin kowa ba. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa 'yar Kenya. Shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Da an auna shi da ma'aunin "ɗan gida", da Zariya ba ta da wannan abin alfahari. Haka ƙungiyar matanmu ta ƙasa, D'Tigress, wadda ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen ƙungiyoyi takwas a Olamfik na Faris a 2024. Da yawa daga 'yan wasanta, har da kocinsu Rena Wakama, a waje aka haife su. Ranar da suka ɗaga kofi ban ji wanda ya nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ba.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, kai ma ka ci gajiyar rabon gurabe. Gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya tanadi daidaiton wakilci, kuma tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi. Da wannan manufa ta kusanto da ilimi ga jama'a aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011. Sai dai rabon gurabe a bakin ƙofa yake aiki: yana ba yaron Makera damar shiga ya koya. Idan aka shigo da shi cikin fili, aka ce a sa shi ko bai iya ba, an cuce shi, domin abokin hamayya ba zai rage gudu saboda shi ba, kwando kuma ba zai sauko daga tsawonsa na mita 3.05 ba. Idan muna son ganin ɗan Kurfi ko ɗan Makera cikin biyar ɗin farko, mu nema masa fili da ƙwallo da mai horarwa tun yana sakandare. Yankin da ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan ya fi kowa buƙatar abin da zai riƙe samari da yamma.

Shi kuwa kyaftin da ya daɗe, yana da haƙƙi a kan ƙungiya, kuma al'adarmu ta girmama na gaba ba abin yarwa ba ce. A bar masa muƙaminsa, a saurari shawararsa, a karrama shi ranar wasansa na ƙarshe. Amma daɗewa ba ta jefa ƙwallo a kwando. Haka kuma cancanta ba tana nufin a tara mutum biyar da suka fi cin maki ba. Ana buƙatar mai rarraba ƙwallo, da mai harbi daga nesa, da dogon da zai ƙwato wadda ta dawo daga bakin kwando, da mai tsaron da ba ya gajiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata ga hukumomin makarantunmu guda uku ce. Na ɗaya, a riƙa rubuta alƙaluman kowane wasa da kowane atisaye, a liƙa a allo kowa ya gani. Littafi da biro sun isa. Na biyu, koci ya bayyana ma'auninsa tun farkon zango, ya kuma gaya wa kowane yaro dalilin matsayinsa ido da ido. Na uku, mu manya mu cire hannu. Duk wanda ya ɗaga waya domin a sa ɗansa, ya koya wa yara goma sha ɗaya cewa atisaye ɓata lokaci ne, kuma da wannan darasi za su shiga ofis gobe.

Ban raba wa yaran gardama ba, domin ban taɓa ganin wasansu ba. Abin da na ce wa ɗan ƙanwata shi ne ya koma, ya tambayi koci abin da ya rage masa, ya rubuta, ya gyara. Ya yi shiru, sannan ya ce hannunsa na hagu ne ba shi da ƙarfi, kuma koci ya sha gaya masa. A duk yammacin, wannan ce maganar farko da na ji a kan ƙwallon kwando. Allah Ya sa mu dace.