Gidan Dodo a Amurka da Tashen da Muka Bari Ya Kwanta



Duk shekara idan watan Oktoba ya kai ƙarshe, gardama ɗaya ce ke dawowa cikin zangunanmu. Uwa a Nima za ta ce makarantar ɗanta ta aiko da takarda a saya masa kayan dodo saboda bikin Halowin, uba a Kumasi ya rantse nasa ba zai taka makaranta ranar ba, malam kuma ya hau mumbari ya yi tsawa. Bayan kwana uku kowa ya manta, sai baɗi. Mu ma haka muka yi ta yi, har Allah Ya kai mu ziyarar 'yan uwa a wata unguwa da ke wajen birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka, tafiyar kuma ta dace da daren 31 ga Oktoba. Abin da muka gani ya sa mun sake auna maganar.

Gida na huɗu daga na masu masaukinmu, akwai wani dattijo Bature, tsohon ma'aikacin lantarki da ya yi ritaya. Tun daga watan Agusta yake fito da katako da fenti da wayoyi daga gareji, yana mayar da farfajiyar gidansa ta baya gidan tsoro. Da kansa ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gayyaci yaran gidanmu, ya ce manya ma su zo. Mun yi ta jinkiri, daga baya muka ce maƙwabci ya kira, kuma ai gani ya kori ji.

Bayan sallar isha'i muka fita cikin sanyi mai shiga ƙashi, muka tarar da layi ya miƙe har bakin titi. A ƙofar shiga matar gidan na zaune da tebur. Ba a karɓar ko sisi, sai dai an ajiye babban kwali wanda mai hali ke jefa abincin gwangwani a ciki, a kai wa mabuƙata. Kowane ƙaramin yaro sai ta durƙusa ta tambaye shi ko yana son tsoro mai yawa ko kaɗan. Wanda ya ce kaɗan, ta ba shi wata 'yar sanda mai haske ya riƙe. Duk dodon da ya hango wannan haske ba zai zaburo ba, hannu kawai zai ɗaga ya gaishe shi.

Ciki lungu ne ƙunci da aka haɗa da katako da baƙar leda, mutum biyu ba sa jerawa. Da muka fita daga lungun farko sai ga maƙabarta, duwatsun kaburbura a jere, hayaƙi na rarrafe a ƙasa kamar hazon safiya. Wani akwatin gawa yana buɗe murfinsa yana rufewa shi kaɗai. Gaba kaɗan, a cikin wani ɗaki mai duhu, fatalwar wata mata ta bayyana tsaye, ana ganin bango ta cikin jikinta, sannan ta ɓace. A nan wani Alhaji da muke tare, wanda tun a layi yake cewa wasan yara ne, ya fara karanto addu'ar da ta zo bakinsa. A lungun ƙarshe wani ƙato da fuskar roba ya faso da injin yankan katako yana ruri. Ba mu san lokacin da muka kai bakin ƙofa ba. Hular Alhaji wani yaro ne ya biyo shi da ita, yana dariya har da hawaye.

A waje aka miƙa mana ruwan tuffa mai ɗumi da alawa. Da mai gidan ya ga muna da tambayoyi, sai ya cire fuskarsa ta roba, ya kunna fitila, ya sake zagayawa da mu. Duwatsun kabarin ashe farin soson nan ne da ake naɗe firiji da shi, ya sassaƙa ya shafa fenti ruwan toka. Hayaƙin yana bi ta cikin kwandon ƙanƙara ne, ya yi sanyi ya yi nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa. Murfin akwatin injin waifar tsohuwar mota ke ɗaga shi. Fatalwar kuwa gilashi ne aka karkata, yana ɗauko hoton wata 'yar tsana da aka ɓoye a gefe aka haska. Dabara ce tsohuwa da wani masani mai suna John Henry Pepper ya nuna wa jama'a a Landan tun 1862. Injin yankan katakon an cire masa sarƙa, ƙara kawai ya rage. Ƙaton da ke riƙe da shi ɗan maƙwabta ne mai shekara 16, sauran dodannin ma duk samarin layin ne, waɗanda suka shafe makonni suna taya shi buga ƙusa.

Wannan biki yana da tarihi mai tsawo. Asalinsa ana danganta shi da Samhain, bikin ƙarshen kaka na mutanen da a ƙasashen Ayaland da Sikotland, lokacin da suke ganin shamakin da ke tsakanin masu rai da matattu yana yin rauni. Daga baya coci ta sanya 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da tsarkakanta, daren jajiberin ranar kuma shi ne ya zama Halowin. Yunwar da ta afka wa Ayaland daga 1845 ta kwaso ɗimbin mutanenta zuwa Amurka, suka zo da al'adar. A can gida wata saiwa suke fafewa su sa wuta a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa, wadda ta fi girma ta fi sauƙin fafewa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihin shi ne yadda gidan tsoro ya samo asali. A farkon ƙarni na 20 daren Halowin ya zama daren ɓarna a garuruwan Amurka. Samari na cire ƙofofin shinge, su saki dabbobi, su fasa tagogi, abin kuma ya ƙara muni a shekarun 1930 lokacin da tattalin arziki ya karye. Wasu hukumomi sun yi tunanin soke bikin ɗungurungum. Amma iyaye a wurare da dama suka bi wata hanya. Garin Anoka na jihar Minnesota tun 1920 ya shirya wa yara jerin gwano don ya ɗauke hankalinsu daga ɓarna. A wasu unguwanni iyaye suka riƙa gyara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajensu, su kashe fitilu, yara su bi gida-gida suna shan tsoro a ƙarƙashin idon manya. Daga nan abin ya girma. Kamfanin Disney ya buɗe nasa gidan fatalwa a Kalifoniya a 1969, ƙungiyoyin agaji suka mayar da shi hanyar tara kuɗi, 'yan kasuwa suka shigo. A 1984 gobara ta tashi a wani irin wannan gida a filin wasan Six Flags da ke jihar Niyu Jasi, ta kashe matasa takwas, abin da ya sa aka tsaurara dokokin kariya daga wuta. Shi ya sa dattijon nan ya nuna mana tukwanen kashe gobara da ƙofofin fita da ya bari a kowane lungu kafin ya nuna mana dodanninsa.

Kada wani ya ɗauka muna kiran jama'a su shiga Halowin. Yawancin malamanmu sun hana Musulmi raya bikin da tushensa yake cikin aƙidar wasu, kuma ba mu da ja a kan haka. Akwai ma abin da zuciyarmu ta ƙi a daren nan, duk da dariyar da muka sha. Mu kabari wa'azi ne, muna ziyartarsa don mu tuna lahira, muna yi wa mazaunansa sallama. Ganin an mayar da shi abin wasa, yara na ɗaukar hoto a jikin akwatin gawa, bai kwanta mana ba, kuma ba ma fatan ranar da zai kwanta wa 'ya'yanmu. Ga kuma almubazzaranci. Ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 an kashe sama da dala biliyan 12 a kan kayan wannan biki, yawancinsu robobi ne da ke ƙarewa a juji ko a rumbun ajiya.

Sai dai idan muka cire kaburburan soso da ƙwarangwal na roba, abin da ya rage a gidan dattijon nan mun san shi sarai. Babba ne ya ɗauki lokacinsa da kuɗinsa da sana'ar hannunsa ya shirya wa yaran unguwa dare guda da ba za su manta ba. Samarin da wataƙila da suna can suna ɓarna, ya ba su guduma da matsayi. Yaro ya shiga duhu gabansa na faɗuwa, ya fito ya ga ashe ya iya. Wannan ai shi ne aikin da kakanninmu mata suka yi da tatsuniyar Dodo a tsakar gida: a tsorata yaro yana jingine da cinyar kakarsa, a koya masa illar kwaɗayi da taurin kai, sannan a rufe labari ya kwanta lafiya.

Yawon gida-gida cikin shigar ban dariya ana karɓar kyauta kuwa, ai mu ma mun san shi da sunan tashe. Daga goma ga watan azumi yara a ƙasar Hausa ke fitowa bayan shan ruwa, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama mai magani, 'yan mata su yi wasan zaman aure da 'yar tsana, a ba su hatsi ko kuɗi. Kowane wasa da hannunka-mai-sanda a cikinsa, ga malamin da ba ya aiki da iliminsa, ga gwauron da ya ƙi aure. Al'adar ma ta yi tafiya tare da fatake. A Wagadugu ta Burkina Faso har yau yara na yin wasan Dodo a watan azumi da fuskokin dabbobi da suka ƙera da kansu, kuma an san Hausawa 'yan kasuwa ne suka kai shi. Mossi sun karɓa sun riƙe har ya zama abin gasa a birnin. Mu da muke da asalin abin, a zangunanmu da yawa ya koma labarin da tsofaffi ke bayarwa.

Za a ce tashe ma yana da nasa aibi, kuma gaskiya ne. Wasu malamai sun soki shigar mata da samari ke yi, a Kano kuma 'yan sanda sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwace. To wannan ita ce mararrabar da iyayen Amurka suka tsaya a kai shekara casa'in da suka wuce. Da hani kaɗai suka tsaya, da samarin sun ci gaba da ɓarnarsu a duhu. Shiga cikin wasan suka yi, suka gyara abin gyarawa, suka tsaya a kansa. Mu kuwa mun fi ƙwarewa a hani. Mun ce tatsuniya ƙarya ce, tashe shirme ne, Halowin haramun ne, sannan muka miƙa wa yaro waya don ya bar mu mu huta. A cikin wayar nan zai ga kabewa da fatalwa iya son ransa, ba tare da kaka a gefensa ba.

Ga wanda yake zaune a Kano ko Damagaram wannan asara ce ta nishaɗi. Ga mu da muke 'yan tsiraru a ƙasashen da muke, ta fi haka nauyi. Ɗanmu yana karatu da Turanci ko Faransanci, yana wasa da Tuwi ko wani harshen gari, Hausa ta rage masa ta aike da ta faɗa. Harshen da yaro bai taɓa yin dariya ko jin tsoro a cikinsa ba, da wuya ya riƙe shi har ya miƙa wa nasa 'ya'yan. Idan duk abin daɗi a yarintarsa da harshen wasu ya zo, kada mu yi mamaki ranar da zai ɗauki namu a matsayin harshen tsawa kawai.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar tallafin gwamnati. A kowane zango akwai kafinta, akwai tela, akwai mai gyaran lantarki, akwai tsohuwar da har yanzu ta san tatsuniyoyi ashirin a ka. Azumi mai zuwa, sarkin zango da limami da shugabannin matasa su zauna tun cikin Sha'aban. A ware fili ɗaya ko layi ɗaya, a sa lokaci bayan asham, a tsayar da manya masu rakiya. A tace wasannin, wanda ya saɓa wa addini a ajiye shi, wanda ke da darasi a koya wa yara da waƙarsa. Samari su ƙera kayan da hannunsu daga kwali da ƙwarya da tsumma. Abin da aka tara a raba biyu, rabi na yara, rabi na marayun unguwa, kamar kwalin gwangwanin matar nan. Waɗanda suka san wasannin tun suna yara su rubuto mana su a nan, da yadda ake yin su a garinsu, kafin masu sani su ƙare.

Da za mu bar gidan dattijon, ɗan ƙaramin cikin yaranmu, mai shekara bakwai, wanda a Amurka aka haife shi, ya tambaye mu ko mu ma a gida muna da dodo. Muka ce muna da shi, har ya fi wannan girma, yana haɗiye gari guda da shanunsa. Ya ce to a ba shi labarin. Muka fara, muka kai tsakiya, sai muka ga mun manta yadda ya ƙare. Da safe muka kira wata gwaggonmu a Kumasi ta ƙarasa masa ta waya, kuma shekarunta sun haura tamanin.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da yake namu, Ya shirya mana zuri'a.