Jinyar yara a gida: ina hatsarin yake?

Kafin shekarar 2005, ƙa'idar likita game da yaron da tamowa ta kama sosai ita ce a kwantar da shi asibiti tare da uwarsa kusan wata guda, ana ba shi madara dare da rana. A takarda ƙa'idar ba ta da laifi. Amma a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, uwar da ta baro gona da sauran ƴaƴa a tsakiyar damina ba ta iya zaman wata, gadajen kuma ba su isa ba.

Yunwar 2005 ce ta tilasta canji. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma mafi yawansu ba su kwana asibiti ba. Uwa takan zo sau ɗaya a mako, a auna yaro, a ba ta ƙunshin Plumpy'Nut, wato haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda mata ke kira biskit, ta koma gida. Kusan 9 cikin 10 sun warke. A 2007 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka amince da wannan hanya.

Don haka masu cewa jinya a gida sakaci ce ba su da gaskiya. Asibitin ma yana da nasa hatsari: a watannin da masassarar cizon sauro ke tashi, akan haɗa yara biyu ko uku a gado ɗaya, kuma jikin da yunwa ta cinye ba ya wuyar kwasar cutar maƙwabcinsa.

Sai dai hanyar tana da sharaɗi, kuma shi ne ake yawan mantawa. Yaron da ake bari gida shi ne wanda aka gwada aka ga yana cin abinci, ba shi da wata cuta mai nauyi. Wanda ya ƙi ci, ko yake amai da duk abin da ya haɗiya, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jiki ya kumbura gaba ɗaya, ko yake suma, wurinsa CRENI, sashen kwantarwa. Yaron da ya ci ranar Litinin kuwa yana iya ƙin ci ranar Laraba. A nan ne rai ke hannun uwa da kuma hanya. Uwa dai ba ta gaza ba: a Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa mata auna damtsen yaro da zare mai launi, suka iya kamar yadda ma'aikatan sa-kai ke yi. Hanyar ce ke gazawa, in ruwa ya cika kwari, amalanke ta rasa wucewa, motar ɗaukar marasa lafiya kuma ba mai.

Wannan aikin gwamnati ne. A 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma a shekarun da suka biyo baya baitulmali ya yi ta jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, har magani ya riƙa yankewa. Duk ministan da ya ɗauki jinya a gida a matsayin dabarar rage gadaje da ma'aikata ya fahimce ta a baibai.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu kaso. Biskit ɗin da ake gani a kan tebur a kasuwa magani ne da aka ƙidaya bisa nauyin wani yaro, na kwana 7. In talauci ya sa uwa ta sayar da ƙunshi uku, mai teburin da ya saya ya san daga bakin wa aka ɗauko su.