Gamin Gambiza Suka Ce, Mu Kuwa Mun Ce Zane Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu koyon zane, kuma lokaci ya yi da za mu tanka mata. Wasu sun ce wai zanen abinci, watau irin zanen nan da akan jera kwano da 'ya'yan itace a kan tebur a zana, bai cika zane ba sai an yi shi da fentin mai tsantsa a kan zanen da aka sayo daga Turai. Wanda duk ya manna ɓawon masara, ko ƙyallen saƙi, ko gutsuren faifai a jikin zanensa, sai su ce gamin gambiza ya yi. Mu 'ya'yan manoman Maska da kewayen Funtuwa da Malumfashi ba mu yarda ba, ga kuma hujjojinmu.

Da farko, Turawan da ake fakewa da su sun bar wannan ra'ayi tun kafin a haifi iyayenmu. Cikin 1912, a birnin Faris, Fikaso ya zana tebur da kofi da yankan lemo, ya manna leda mai kamar saƙar kujera a jiki, sa'an nan ya kewaye zanen da igiya. Mutanen Holan kuwa, da suka shahara da zanen abinci cikin ƙarni na 17, cukunsu da kifinsu da burodinsu suka zana, domin shi ne a gabansu. To, don me ɗan Maska zai zana tuffa da inabi, alhali ga dawa da barkono da kuɓewa da rake a kasuwar garinsu? Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, wannan hanya tana da asali a ƙasarmu. Cikin 1958 ɗalibai irinmu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Manufarsu ita ce a haɗa ilimin zanen Turawa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Jimoh Buraimoh na Oshogbo ya yi suna da jera duwatsun ado a jikin zanensa. Mu fa, me muka rasa? Muna da baban marina mai ba da shuɗi, da karan dafi mai ba da ja ga dukawa da masu saƙa faifai, da jar ƙasa da farar ƙasa, da ƙaro na manni, da tawadar almajirai, da makubar ɗorawa wadda magina ke shafa wa bango don ta tare ruwa. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Na uku, maganar aljihu. Tun da aka saki darajar Naira cikin 2023, kayan zanen da ake shigowa da su sun yi tsada ƙwarai. In aka ce lalle sai da fentin Turai, to an kori ɗan talaka ke nan daga wannan ilimi ba tare da an faɗa ba. Ga shi kuwa zanen abinci shi ne ƙofar da iyayenmu suka fi amincewa da ita, tun da babu siffar mai rai a cikinsa.

Masu suka suna da magana guda mai nauyi, ba mu kuwa raina ta ba. Sun ce gara da ƙwari za su cinye zanen, jan karan dafi kuma ya koɗe in rana ta doke shi. Gaskiya ne. Amma ai wannan aiki ne na bincike, kuma bincike shi ne dalilin kafa jami'a. A gwada wane manni ke riƙewa har bayan damina, wane launi ke jure haske, wace dabara ke korar ƙwaro. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sharaɗi guda muka sa wa kanmu: ba za mu manna ƙwayar hatsi ba, sai ɓawo da ƙaiƙayi da kara, domin bai kamata a yi ado da abin da maƙwabci ke nema ya sa a tukunya ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya nunin irin wannan zane, a kuma gayyato marina da dukawa da mata masu saƙa faifai su zo su duba, su gyara mana. Akushin tuwon dawa da miyar kuka ya cancanci a zana shi, da ƙasar da ta noma shi. Allah ya sa mu gane.